Jan Bulon Na'ib

Ina juya naman agashe a kan wuta a bakin kasuwar Damazin wani direban bas ɗan garinmu ya tsaya, ko mota bai kashe ba, ya leƙo ta taga ya ce, "Ka ji Na'ib ya rasu?" Na yi salati. Babban ɗana, wanda ke tuƙa raksha, keken haya mai ƙafa uku, yana kan benci yana cin nama yana danna waya. Ya ɗago kai ya tambaye ni da Larabci wai wane ne kuma Na'ib. Da Larabci fa. Mutumin da ya sa aka fara kiran sunan garinmu a rediyo, jikan garin bai san shi ba, kuma ko tambayar bai iya yi da harshen uwarsa ba. Na bar naman ya ƙone gefe ɗaya, don hankalina ya riga ya koma bakin tur'a.

Garinmu yana kudu da Hajj Abdalla, a gefen babbar tur'a, wato magudanar ruwan da ke shayar da gonakin hukuma. Na ce gari, amma Larabawan da ke kewaye da mu kambo suke ce masa, wato zangon 'yan ƙwadago. Mu ma a bakinmu zango ne, sai dai namu zangon na mahajjata ne. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, guzuri ya ƙare, suka tsaya cirar auduga kafin su ci gaba. Kakana ya mutu yana cirar audugar. Babana a nan aka haife shi, a nan furfura ta cim masa, amma idan ka tambaye shi garinsu sai ya ce, "Muna bisa hanya." Gaisuwar safe ma a wurinmu ba ta cika sai an ce, "Allah shi kai mu gabas." A kowane ɗaki akwai jakar fata a rataye a jikin azara, cikinta harami fari da allura da ɗan gishiri. Innata takan sauke tamu duk bayan kaka, ta kakkaɓe, ta shanya haramin Baba, ta mayar.

Ba zan yi ƙarya ba, garin yana da daɗi. Kafin kiran assalatu ya gama shiga kunne za ka ji taɓarya ta ɗauka daga wannan gida zuwa wancan, kamar mata sun haɗa baki. Kwaɗin tur'a suna nasu, jakuna suna nasu. Hayaƙin tuyar kisra, wainar dawa ta can, ya gauraya da na turaren da ake kunnawa wurin shan jabana, wato gahawa. Lokacin cirar auduga mukan fita gari guda, har masu goyo, kowa da buhunsa a ƙugu, tsofaffi mata suna waƙoƙin wani gari da ba wanda ya taɓa gani a cikinmu. Da rana ta take sai mu samari mu faɗa tur'a da wandunanmu, mai gadin ruwa yana zaginmu da Larabci muna rama masa da Hausa, kowa ya tafi yana ganin shi ya ci. Ba mu da komai, amma ban taɓa jin an kwana da yunwa a gida alhali maƙwabci ya ɗora tukunya ba. Yanzu ina unguwar da shekara da shekaru ban san sunan mai ƙofar da ke kallon tawa ba.

Abu biyu ne ba a yi a garin. Ba a dasa itace mai 'ya'ya, ba a gini da bulo. Kara da laka da ciyawa, shi ke nan. Tsofaffi suka ce matafiyi ba ya shuka abin da zai jira, kuma wanda ya gina abin da damina ba za ta ci ba, ya warware niyyarsa. Ga inda maganar take da nauyi: a wurinsu duk wanda ya mutu yana kan hanya da niyya, Allah zai rubuta masa hajjinsa. Don haka maƙabartarmu cike take da alhazan da ba su taɓa ganin teku ba. Ni karatuna bai yi nisa ba, boko na bar shi a tsakiya, allo ma haka, ban san ko malamai za su yarda da wannan ba. Amma babana ya yarda da shi fiye da yadda ya yarda da hannunsa na dama.

Na'ib a cikinmu ya tashi. Uwarsa ƙanwar kakana ce, saboda haka shi da babana taubasai ne, ba sa haɗuwa sai sun tsokani juna. Shi ne na farko a garin da ya sa wando da takalmi ya tafi makaranta a birni, ya dawo yana koyarwa a ƙauyen Larabawa. Baba yana ce masa Afandi, laƙabin da ake yi wa 'yan boko ma'aikata, shi kuma yana ce wa Baba Alhajin Baɗi.

"Alhajin Baɗi, an ɗaure kaya? In zo in kama maka jaki?"

"Kama bakinka dai, Afandi. Kai da ka sayar da ƙafafunka ga takalmi, wa zai tafi da kai?"

Da aka buɗe zaɓen majalisar wilaya, wato jiha, ya ce zai tsaya, mutane suka yi ta dariya, wai Bahaushen kambo ne zai zauna kujera. Alamarsa buta ce, don yawancinmu ba sa karatu, hoto ake dubawa. Tsofaffi suka ce wanda ya ɗauki buta ba zai ci amana ba. Ranar ƙuri'a garin ya watse kamar ranar idi, mata a bayan lori suna guɗa, makafi ma an ja su. Duk zangunan Hausawa na bakin tur'a suka bi mu, ya ci. Tun daga ranar sunansa ya ɓace, sai Na'ib, wato wakili. Ya kawo mana famfon ruwa, muka daina shan tur'ar da ke sa yara fitsarin jini. Ya sa aka riƙa turo mai magani ranar kasuwa. Ya bi ofis-ofis har mutane da yawa suka samu takardar zama 'yan ƙasa, har da waɗanda suka karɓa suna gunaguni. Zaɓe na biyu abokin takararsa ko wahalar zuwa garinmu bai yi ba. Daga nan 'yan majalisar suka tura shi babbar majalisa ta wilayoyi a Hartum. Ranar da muka ji muryarsa a rediyo, Baba ya kasa kunne, bai fahimci rabin Larabcin ba, ya ce, "Ashe surutun Afandi yana da kasuwa." Amma na ga yana share ido da hannun riga.

Ana saura kaɗan zaɓe na uku ya zo da loriloli cike da jan bulo. Aka jibge su a filin da ke gaban masallacinmu na kara, tsibi ya fi ɗaki tsawo. Bayan la'asar aka taru a rumfar masallaci, ya yi bayani da Hausa tsantsa. Ya ce hukuma za ta auna ƙasa. Duk mazaunin da aka samu da gini tsayayye, masallaci ko makaranta, za a rubuta shi gari, ƙasar ta zama ta mutanensa. Wanda aka samu kara da ciyawa, kambo ne, ranar da aka so sai a tashe shi. Ya ce ya gani da idonsa a Hartum, ba jita-jita ba ce. Ga bulo, ga magini zai turo, mu dai mu haƙa tushe kafin masu awo su iso.

Liman ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. Baba ne ya gyara zama.

"Afandi, in munka yi ginin ga, mi za a rubuta mu?"

"Mutanen gari, masu ƙasa."

"To waɗanda ke kwance bayan gari fa? Ubana da uwarka? Su mi za a rubuta su?"

"Alhajin Baɗi, matattu ba su shiga awo."

"Sun shiga na Allah. Sun kwanta suna matafiya a zangon matafiya. In zango ya zama gari, ka mai da su mazauna suna cikin ƙasa, ba su da bakin cewa a'a. Wanga aiki ba da ni ba."

Na'ib ya yi dariya, yana zaton wasan taubasai ne. Ya ce, "Haba ɗan'uwa. Tun iyayenmu ake wagga tafiya. Jakin da ya fi kowane lalaci da ya kai teku ya dawo ya haihu." Samari muka fashe da dariya. Babu tsoho ko ɗaya da ya yi. A nan ya yi kuskure, kuma na ga ya gane tun kafin ya rufe baki. Akwai abin da taubashi ma ba ya wasa da shi a gaban jama'a.

Mu samari muna bayansa. Lokacin na fara gemu, ina neman aure, ina son ɗakin da ba sai na sake masa ciyawa duk shekara ba. Washegari da hantsi muka ɗauki fartanya da shebur muka haƙa ramin tushe, dogo, kusurwa huɗu, muna waƙar gayya. Magini ya iso, aka kwaɓa ƙasa, ni na ɗauko bulon farko. Ina juyowa na ga Baba ya taho da buzunsa. Ya sauka cikin ramin, ya shimfiɗa buzu, ya zauna yana fuskantar gabas. Sai ga wani tsoho ya biyo shi, sai wani, har ramin ya cika da iyayenmu, kowa ya zauna daidai inda ɗansa yake tsaye.

Na ce, "Baba, don Allah ka tashi."

Ya ce, "Aza. Ai ka ɗauko. Aza bisa kaina, ka ga ka yi tushe mai ƙwari."

Wa zai aza? Na tsaya da bulo a hannu har ya yi mini nauyi, na ajiye. Magini ya wanke hannunsa ya hau jakinsa. Har yau idan na ɗauki bulo ina jin zafin ranar nan a tafin hannuna.

Abokin takarar Na'ib a wannan karo wani attajiri ne daga babban ƙauyen da ke gaba da mu. Wayo gare shi kamar dila. Ya zo ya yanka sa, ya zauna a ƙasa tare da tsofaffi, ya ce shi ba zai taɓa musu ko kara ɗaya ba, bayin Allah masu niyya, hasali ma in ya ci zai nema musu kujerun hajji. Ka ji inda aka kama su. Ranar ƙuri'a babu lori, babu guɗa. Ni na jefa wa buta, na fito na faɗa da ƙarfi don Baba ya ji. Shi kuma ya shiga ya fito bai dubi kowa ba. Sauran zangunan suka ce in garinsu sun ƙi shi, mu a wa? Na'ib ya faɗi, kuma kowa ya san akwatin garinmu ne ya kayar da shi. Kujerarsa ta Hartum ma ba ta daɗe ba, tunda waɗanda suka tura shi sun ga ba shi da jama'a. Bai sake tsayawa ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma birni. Ina jin haushinsa a kan wannan har gobe. Faɗuwa ɗaya ce fa. Mu da muka tsaya masa ya bar mu da tsofaffi da ramin da damina ta cike.

Kujerun hajji kuwa, ɗaya ta zo. Liman aka ba. Ya je ya dawo da haƙorin Makka, bai ƙara shekara a cikinmu ba ya koma Hajj Abdalla ya gina ɗaki. Da jan bulo.

Masu awo suka zo da sandunansu, suka zagaya, suka sha ruwan famfonmu, suka tafi. Wani ɗan ƙauye a gaba da mu, gidajensa ba su kai rabin namu ba, yana da ɗakin makaranta guda mai tsagaggen bango, aka rubuta shi gari. Mu aka bar mu yadda aka same mu. Ba abin da ya faru a shekarar, ba abin da ya faru a ta gaba, tsofaffi suka ce kun gani, tsoron banza. Tsibin bulo ya zama wurin wasan awaki. Mata suka riƙa zara uku-uku suna kafa murhu, wai murhu ba gini ba ne. Innata ma ta ɗauko nata da rana tsaka, Baba ya gani ya kau da kai, ya ci tuwon da aka dafa a kai.

Baba ya rasu da rani, bayan an gama cirar auduga. Inna ta sauke jakar, aka yi masa likkafani da haraminsa kamar yadda ake yi wa kowa. Muna cikin zaman makoki sai ga Na'ib, ya tsufa, ya rame, ko mota ba shi da ita, a bayan lorin dawa ya zo. Tun faɗuwarsa bai taka garin ba. Ya yi wa Inna gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya ce mini, "Tashi ka nuna mini inda ragon nan ya kwanta." A hanya ya tsaya wurin ragowar tsibin, ya cire rawaninsa ya shimfiɗa, ya fara loda bulo a ciki.

Na ce, "Baffa, me za ka yi?"

Ya ce, "Tsakanina da taubashina ne. Kai dai ɗauko."

Muka yi ta jido. Ya durƙusa da farar rigarsa ya kwaɓa laka da ruwan buta, ya kewaye kabarin da bulo, jeri bisa jeri har ya kai gwiwa. Kaburburanmu ba a yi musu alama sai ɗan reshe ko fasasshen tulu. Mutane suka taru, amma ba mai ikon hana taubashi wasansa, ko da a kan gawa ne, al'ada ce. Yana aza bulo yana magana, hawaye na bin gemunsa.

"To Alhajin Baɗi, ga shi na aza. Ka ce a aza bisa kanka, na aza. Tashi ka hana mana. Ina bakin naka? An ce ka isa gabas, ka bar ni da takalmi."

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi kuka. Ni haushi na ji, ban san na wa ba.

Abin da ya faɗa a rumfar masallaci ya zo bayan mun manta da shi. Wani kamfanin noma ya sayi filin daga hannun hukuma, tun daga tur'a har bayan gari. A takardarsu babu gari a wurin, kambo ne. Muka je ofis, aka ce ku kawo shaida. Muka ce ga famfo, aka ce famfo na hukuma ne. Aka ba mu lokaci mu girbe dawa mu tashi. Ranar tashi Inna ta hau turmi da kanta ta sauke jakar fata, wadda ba komai cikinta sai allura da gishiri, ta rataya a wuya, ta ce, "To, yau dai an kama hanya." Lorin da ya ɗauke mu kudu ya nufa. Ta yi ta leƙe tana tambaya ko nan ne gabas. Wasu suka sauka Rusairis, wasu suka bazu cikin zanguna, mu muka ƙare a nan. Har ranar da aka kawo mini labarin rasuwar Na'ib ban sake komawa ba. Me zan je in gani, tarakta a kan ɗakin da aka haife ni?

Direban nan ya dawo da yamma ya ce mini Na'ib ya bar wasiyya a kai shi garinmu a binne. Na ce wane gari? Ya ce in shirya dai, da safe zai bi ta can.

Da ƙyar na gane wurin. Tur'a tana nan, amma babu rumfa, babu famfo, babu ko toka. Shuka ce koriya shar har iyakar gani, layi-layi kamar an ja da zare. Sai can a tsakiya na hango wani ɗan tsibiri na ciyawa da ƙaya, layukan sun zo sun karkace sun zagaye shi. Mai gadin gonar, wani Balarabe dattijo, ya ce ranar da aka zo share filin mai tarakta ya ture komai, da ya iso nan ya ga ginin bulo ya taka birki. Ya ce wannan kabarin wani babban shehi ne, shi ba zai hau ba, 'ya'ya gare shi. Aka kawo wani direban, shi ma ya ƙi. Dole aka bar wurin da duk kaburburan da ke kewaye da shi. Har ma, in ji mai gadin, matan ƙauyuka suna zuwa neman albarka. Ya tambaye ni sunan shehin. Na ce sunansa Alhajin Baɗi. Ya ce Allah ya ba mu albarkacinsa. Na ce amin, me zan ce?

A gefen kabarin Baba muka haƙa wa Na'ib. 'Ya'yansa 'yan birni suna tsaye da tabarau suna duba agogo, mu tsofaffin samarin da muka taɓa haƙa masa tushe muka karɓi shebur. Ƙasar tana da taushi kamar wancan karon. Wannan karon dai ba wanda ya shiga ramin ya hana.

Da na dawo Damazin na tarar da Inna a tsakar gidan da muke haya tana hura wuta. Idonta ya tafi, amma ba ta yarda kowa ya dafa mata shayi. Murhun nata bulo uku ne, sun yi baƙi ƙirin, su ne ta ƙunso a zani ranar da muka tashi, muna yi mata faɗa a kan nauyi. Jakar tana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Na ba ta labarin tsibirin da mai tarakta da matan da ke zuwa neman albarka. Ta yi dariya har ta yi tari.

Ta ce, "Kakanka yana nan? Ba a taɓa shi ba?"

Na ce, "Duk suna nan, Inna. Su kaɗai suka rage."

Ta ce, "To ka gani. Da ubanka da Afandi kowa ya samu abin da yake so."

Na ce, "Mu fa?"

Ta laluba ta gyara bulo ɗaya da ya karkace, ta ɗora butar shayi.